Tsintuwa Da Mai Ita

Yau idonmu a ƙasa yake, a kan walat ɗin da ya zame daga aljihun wani, da abin da mai tsintuwa ke yi da shi idan ya waiga dama da hagu bai ga kowa ba. A gyara zama.

Muna yara, da mun hango kwabo a ƙasa sai mu take shi da ƙafa mu ce tsintuwa ba sata ba. Amma harshen da ya ba mu wannan magana shi ya ba mu kalmar cigiya, wadda wanda ya yar ke yi wa kayansa, wanda ya tsinta kuma ke yi wa mai kaya. Kalma ɗaya, mutum biyu suna neman juna.

Kafin walat ya shigo, kakanninmu alabe suke riƙewa, na fata, ko su ɗaura lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, mata kuma su ƙulle nasu a haɓar zane. Ƙullin Iya, sai da haƙori.

Zamanin da ake ciniki da wuri, ƙunshin 20,000 kaya ne na ƙato, sai an ɗora masa a ka. Wanda ya yar da wannan, unguwa duka za ta ji ƙararsa.

A Kano idan dattijo ya ce jaka ɗaya, Naira 200 yake nufi, gadon lokacin da ake ƙulla fam 100 a jaka guda kafin Naira ta zo a 1973. A Maraɗi kuwa jaka ɗaya sefa 1,000 ce. Mai cigiya a kasuwar Jibiya, sai ya faɗi jakar wace ƙasa ce ta ɓace.

Malaman fiƙihu suna kiran abin tsintuwa luƙaɗa, kuma a Malikiyya hukuncin a fili yake: abu mai daraja, a yi cigiyarsa shekara guda cur a inda ake sa ran mai shi zai ji. Wata 12 kana gadin dukiyar mutumin da ba ka taɓa gani ba. Gadi ba albashi, sai lada.

Hadisi ya umarci mai tsintuwa ya lura da jakar da kuɗin ke ciki da igiyar da aka ɗaure bakinta, don da su za a gwada duk wanda ya zo ya ce nasa ne. Shi ya sa mai cigiya mai wayo ba ya faɗin launi ko adadi, "an tsinci kuɗi" kawai zai ce ya ja bakinsa. Mai kaya ya san ƙullinsa.

Idan shekara ta cika ba a zo ba, kana iya amfani da shi ko ka yi sadaka da shi, amma ranar da mai shi ya ɓullo da shaida sai ka biya. Bashi ne ya kwanta barci, ba mutuwa ya yi ba.

An kuma so ka kafa shaida tun ranar da ka tsinta, mutum ɗaya ko biyu masu adalci su ga abin da ke ciki. Wannan yana tsare ka daga zuciyarka, yana kuma tsare ka daga mai cewa "ai kuɗina sun fi haka". Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

A bakin ƙofar masallaci malamai suka ce a tsaya a yi cigiya, domin hadisi ya hana ɗaga murya a cikinsa ana neman abin da ya ɓace. Can wajen takalma, inda kowa zai bi ya wuce.

Ƙaramin abu irin dabino guda a kan hanya ko sanda ko guntun igiya ba ya bukatar shela, haka abincin da zai lalace kafin gobe. Ba wanda zai kwana yana kukan ƙwarar dabino.

Raƙumi da tunkiya hukuncinsu daban ne a daji. Tunkiya a ɗauke ta, don in ba kai ba, ba mai ita ba, kyarkeci ne zai ci. Raƙumi kuwa a ƙyale shi, yana da ƙafar tafiya da juriyar ƙishirwa, zai ci ganye har ubangidansa ya iske shi. Babba ya iya da kansa.

A Makka abin ya fi tsauri, ba a ɗaukar tsintuwa sai don a yi cigiyarta. A aikin Hajjin 2023 wata Hajiya daga Zamfara ta tsinci Dala 80,000 a ƙasa mai tsarki, ta miƙa wa jami'ai su nemi mai su. Ta je da guzuri, ta dawo da suna.

Littattafan Yahudawa na da sun ambaci wani dutse a Birnin Ƙudus inda mai tsintuwa ke hawa ya yi shela, mai nema kuma ya tsaya a ƙasa ya faɗi alamomi ya karɓa. Ofishin cigiya ba rufi, ba magatakarda.

Attaura ta ƙara da wani abu da ke burge ni: ko san maƙiyinka ka gani ya ɓace, ko jakinsa, sai ka kora masa gida. Gaba daban, jaki daban.

To, ga wanda ya fi ɗaukar hankalina. A 2019 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon "ɓatar" da walat 17,303 a birane 355 na ƙasashe 40, cikinsu har da Ghana da Kenya da Maroko da Afirka ta Kudu. Yar da kuɗi da gangan, kuma da sunan aiki!

Yadda suka yi: mutum ya shiga banki ko otal ko gidan waya ko ofishin 'yan sanda, ya ajiye wa ma'aikaci walat ya ce a bakin hanya ya tsinta, yana sauri, ya fice. A ciki akwai kati uku masu suna da adireshin imel, da takardar cefane, da makulli ɗaya. Daga nan sai mutum da zuciyarsa.

Walat ɗin da ba ko sisi a ciki, an nemi mai shi a kashi 40 cikin 100. Wanda aka sa wa kimanin Dala 13 kuwa, kashi 51. Wato kuɗin da ake tsammani za su ja hannu zuwa aljihu su ne suka ja shi zuwa cigiya. Ku sake karantawa, haka yake.

Sai suka ce bari a ƙara gishiri. A Amurka da Birtaniya da Folan aka cusa kimanin Dala 94, sai adadin ya tashi daga kashi 46 na wanda ba kuɗi, zuwa 61 na mai 'yan kuɗi, zuwa 72 na mai kauri. Kuɗi na ƙaruwa, kunya na ƙaruwa.

Dalilin da masu binciken suka gano ba baƙo ba ne a wurinmu: mutum ba ya son ya kalli kansa ya ga ɓarawo, kuma yawan kuɗin shi ke sa riƙewar ta yi kama da sata. Riƙe walat wayam sakaci ne, riƙe mai kauri kuwa yana da wani suna. Kowa ya san sunan.

Makullin nan ma ba banza aka sa shi ba. Ba ya buɗe wa mai tsintuwa komai, amma walat mai makulli ya fi marar makulli komawa gida da tazarar kusan kashi 9 cikin 100, saboda mutum yakan hango wani tsaye a ƙofar ɗakinsa da dare yana lalube. Wannan tausayi ne tsantsa, ba riba a cikinsa.

Kafin a bayyana sakamakon an tambayi masana tattalin arziki 279 abin da suke hasashe, kuma akasarinsu ba su hango cewa mai kaurin ne zai fi dawowa ba. Lissafi ya san riba, bai san kunya ba.

Cikin ƙasashe 40, a 38 walat mai kuɗi ya fi wayam dawowa, Meziko da Peru ne kaɗai suka fita daban. Suwizalan da Norway da Holan da Denmak suna sahun gaba. Ƙasashen sanyi, hannu mai tsabta.

Ƙasar Sin ce ta zo ƙarshe, sai wasu masana suka ce ba a yi mata adalci ba, domin an auna gaskiya da aika imel a inda mutane ba su cika amfani da shi ba. Da aka sake gwaji a can aka wallafa a 2023, an tarar fiye da kashi uku cikin huɗu sun adana walat ɗin lafiya lau suna jiran mai shi ya dawo. Kowane gari da irin cigiyarsa.

A birnin Edinbura na Sukotlan an zubar da walat 240 a tituna, an sa wa wasu hoto a ciki. Mai hoton jariri kashi 88 cikin 100 suka dawo, mai ɗan kwikwiyo 53, mai iyali 48, mai tsoho da tsohuwa 28, marar komai 15. Jariri bai yi magana ba, amma shi ya fi kowa iya roƙo.

Haɗa makullin can da hoton nan, za ka ga abu ɗaya ne. Da zarar mai walat ya yi fuska a idon mai tsintuwa, hannu sai ya yi nauyi. In kana da hoton autarka, ka san inda za ka sa shi.

Wata mujalla ta yi nata gwajin a 2013, walat 12 a kowane ɗaya daga birane 16. Helsinki ta mayar da 11, Mumbai ta Indiya ta mayar da 9, ta wuce Landan da Balin. Aljihu marar nauyi bai hana hali mai nauyi ba.

A Lisbon ta Fotugal ɗaya tak ya dawo, shi ma wasu miji da mata ne daga Holan da suka je yawon buɗe ido suka mayar. Baƙo ya fitar da gari kunya.

A Toronto ta Kanada mutane sun yi tsammanin baƙo ba zai mayar musu da walat ba sai kamar sau ɗaya cikin huɗu. Da aka yar da 20 a gari, 16 suka dawo. Zato ya ci amanar maƙwabci. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a rai, don mu ma nan mun iya cewa "ai yanzu ba mutanen kirki".

Mu leƙa Japan, inda abin ya zama kamar numfashi. Kusan kowace unguwa akwai ɗan ɗakin 'yan sanda da suke kira koban, kuma yaro kan kai tsabar da ya tsinta, ɗan sanda ya zauna ya cika masa takarda kamar ya kawo miliyan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dokarsu ta yanka wa mai tsintuwa tukuicin kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na darajar abin, in ya kai shi cikin kwana 7. Idan wata 3 ya wuce ba a zo ba, ya zama nasa halak malak. Haƙuri da riba.

Wanda ya soke a aljihu kuwa, laifi ne mai suna a kundin dokarsu, ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai yen 100,000. Zuma a hannun dama, bulala a hagu.

A 2022 kaɗai, kuɗin da aka kai wa 'yan sandan Tokyo sun kusa yen biliyan 4, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun koma hannun masu su. Biliyan, ba kuskuren buga rubutu ba ne.

Bayan ambaliyar tsunami ta watan Maris 2011, an tono akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi kimanin 5,700 daga cikin ɓaraguzai da laka, ɗauke da sama da yen biliyan 2.3, kuma kusan duka an mayar wa masu su ko magadansu. Har mutanen da ruwa ya cinye wa gida suna miƙa kuɗin wasu. Nan dai sai a cire hula.

Lema ce marainiya a Tokyo. Ana kai kusan 300,000 ofishin cigiya a shekara, amma da ƙyar ake zuwa karɓar ɗaya cikin 100. Ruwa ya ɗauke, zumunci ya ƙare.

Jamusawa da awo suke komai. Abin da ya wuce Yuro 10 dole a kai rahoto, tukuici kashi 5 cikin 100 har zuwa Yuro 500, abin da ya haura kashi 3, bayan wata 6 kuma ya zama naka. In a jirgin ƙasa ko ofishin gwamnati ka tsinta, rabin tukuicin za ka samu. Ko godiya da ma'auni.

A Ingila a 1722 wani yaro mai share bututun hayaƙi ya tsinci abin ado mai duwatsu masu daraja, ya kai shagon maƙerin zinariya a duba masa, yaron shagon ya ƙwaƙule duwatsun ya miƙo masa gurbin. Kotu ta ce mai tsintuwa ya fi kowa iko da abin in ban da ainihin mai shi, ta kuma sa a yi wa yaron lissafi da dutse mafi tsada da zai shiga gurbin. Har yau ɗaliban lauya da wannan yaro suke fara darasin.

Can dai a Ingila, a 2017, wata mata ta gurfana gaban kotu saboda takardar fam 20 da ta tsinta a cikin kanti ta sa aljihu, kyamara na kallonta. Ta ƙare da biyan fam 175 da tabon sata a takardunta. Garin neman gira.

Birnin Paris yana da ofishin kayan tsintuwa tun 1805, na motoci da jiragen ƙasan Landan kuma tun 1933, kuma a na Landan an ga haƙoran roba da ƙafar roba, har da tulun tokar mamaci. Yadda mai ƙafar ya sauka daga mota bai lura ba, wannan sai shi.

Dokar Najeriya ma ba ta ce tsuntsu daga sama gasasshe ba. Wanda ya tsinci abu ya mayar nasa alhali ya san mai shi, ko yana da hanyar gano shi, ya taka doka. Walat mai katin ɗan ƙasa a ciki kuwa da bakinsa yake faɗin gidansu.

A yau sau da yawa kuɗin ne mafi sauƙin asara. Katin banki, katin zaɓe, lasisin tuƙi, kowanne sai an yi takardar rantsuwa a kotu da layi da zirga-zirga kafin a sake shi, shi ya sa za ka ji mai cigiya a rediyo yana cewa a riƙe kuɗin, a taimaka masa da takardun. Idan ka ji haka, mutum ya kai bango.

A 2023 wani matashi mai Adaidaita Sahu a Kano ya tarar da kuɗin da suka kai Naira miliyan 15 a bayan kekensa, wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta. A rediyo ya ji cigiya, ya kai su cif. Kano ta ɗauki maganar har mako ya zagayo.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da wasu ke gaya wa irin wannan yaro: "Allah ya ba ka, ka mayar?" Ai kyautar Allah ba ta zuwa da sunan wani da lambar wayarsa a jiki. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, rabon wani kuma ba ya zama naka don ya faɗo ƙasa.

Na san akwai mai tsintar da bai karya ba tun safe, kuma ba na raina wannan gwaji. Sai dai a tasha da kasuwa wanda ya yar ɗin ma yawanci irinsa ne, kuɗin magani ne ko jarin tumatir ko adashin wasu da aka ba shi ya kai. Yunwa biyu ce ta haɗu a kan walat ɗaya.

Tukuici a al'adarmu ba a yanka shi, ba a tambayarsa, amma mai kayan da ya karɓi abinsa ya juya ba ko kuɗin mota ya yi abin kunya. Na gode da baki, madalla da hannu.

A ƙauye, akuyar da ta bi garken da ba nata ba gidan mai unguwa ko dagaci ake kai ta, a ɗaure, a sanar a kasuwa. Mai ita zai zo ya faɗi tsagar kunne da launin ƙafa. Ita kuma da ta ji muryarsa ta gama ba da shaida.

Iyaye mata suna da tasu dabarar: kada ka ɗauki kuɗi a hanya, na matsafa ne, za ka rikiɗe ka zama doya. Da wannan doya aka tsare hannun yara da yawa daga abin da ba nasu ba. Tsoro ma malami ne.

A kula da tsintuwar da aka shirya. Wani zai yar da damin kuɗi a gabanka, abokinsa ya matso ya ce "mu je gefe mu raba", ka ba da naka a matsayin jingina, ka buɗe damin ka tarar da yankakkiyar takarda. Wanda ya ce "malam, kuɗinka sun faɗi" da ƙarfi, 'yan damfara ba su da abin yi da shi.

Wannan kuma da idona na gani a wata tasha a Zariya. Yarinya mai tallar gyaɗa ta tsinci alabe a gindin taya, ta miƙa wa ɗan kamasho, shi kuma ya ɓoye shi a bayansa ya ɗaga murya: "Jama'a, wa ya yi ɓatan kai da abinsa?" Wani dattijo da ya riga ya shiga mota ya shafa ƙirji, ya shafa gefe, ya sauko jiki na rawa. "Baba, me ke ciki?" "Ɗana, Naira 4,500, da ɓarin goro, da takardar asibitin jikata, na ninke ta huɗu." Aka buɗe a gaban kowa, komai ya cika har goron. Baba bai ƙirga kuɗin ba, takardar ya warware ya duba, ya mayar ya ninke. Sannan ya kira yarinyar, "'yata, zo nan," ya sayi gyaɗar 500, ya ce ta raba wa 'yan mota.